Wa Ke Riƙe da Gangar Birni? Makaɗan Katsina da Maraɗi da Okestirar Turai

Mazanya na cikin ƙaramar hukumar Jibiya, mazaɓarta ɗaya da Magama inda shingen kan iyaka yake. Daga nan, wanda ya nufi kudu maso gabas zai isa ƙofar fadar Sarkin Katsina cikin kamar awa guda a mota. Wanda ya nufi arewa ya ratsa Ɗan Isa, kusan haka zai yi ya tarar da wata fadar a Maraɗi, wadda mai ita shi ma Sarkin Katsina ake ce masa. Suna ɗaya, manyan fada ɗaya: Ƙaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durɓi. Kowace fada kuma na da tamburanta da kakakinta da algaitarta, da gidajen da suka gaji kaɗa su da busa su.

A manyan biranen duniya akwai babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira, wadda gari ke alfahari da ita yadda yake alfahari da jami'arsa. Ta birnin Leipzig a Jamus ta doshi shekara 300, ta ga bayan jagorori masu yawa, har gobe tana kiɗa. A nan kuwa, shahararren mawaƙi na rasuwa sai ƙungiyarsa ta fara yaɗuwa kamar ba a yi ta ba, alhali tambarin fada ya tsallake jihadi, ya tsallake Turawa, ya tsallake soja. Me ke sa wata ƙungiyar kiɗa ta rayu bayan mai ita, wata kuma ta bi shi? Amsar ba a muryar mawaƙi take ba. Tana ga abubuwa uku: wa ke ciyar da makaɗa, wa ke naɗa shugabansu, kuma a ina ake ajiye abin da suka sani.

Ita ma daga fada ta fito

Cikakkiyar okestira kan haɗa makaɗa 80 zuwa 100, an kasa su gida huɗu. Akwai dangin goge, manya da ƙanana, su ne suka fi rabin ƙungiyar. Akwai dangin sarewa da algaita, sai dangin ƙaho na tagulla, sai masu ganguna. Babban abin da suke kaɗawa shi ne simfoni, dogon kiɗa mara waƙa wanda galibi ke da babi huɗu, kuma kowane makaɗi na da takardarsa a gabansa, an rubuta masa abin da zai yi. Kayan ba baƙi ba ne gaba ɗaya. Abin busar da suke kira obo tsatsonsa ɗaya da algaita, manyan gangunansu masu siffar tukunya kuma daga ƙasashen Musulmi suka shiga Turai, a kan dawaki da raƙuma, yadda ake ɗora tambura ranar hawa.

Kafin birane su mallake ta, okestira kayan sarauta ce. Joseph Haydn, wanda ake kira uban simfoni, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy na Hungari a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana sanye da kayan barorin gidan, yana tsara abin da ubangidansa ke son ji. Ko habaici sai da ya yi. A 1772 yarima ya tsare makaɗa a gidan shaƙatawarsa har suka ƙosa da kewar iyali. Haydn ya tsara kiɗan da a ƙarshensa kowane makaɗi ke kashe kyandir ɗinsa ya fice, har aka bar mutum biyu. Yarima ya gane, ya sallame su. Duk makaɗin fadar da ya taɓa roƙon doki a fakaice ya san wannan dabara.

A 1790 yariman ya mutu, magajinsa ba ruwansa da kiɗa, ya watsa ƙungiyar. Haydn ya tafi Landan a 1791, inda ya tarar da wani tsari dabam: mutanen gari ke sayen tikiti, su cika zaure, kuɗinsu ke biyan makaɗa. Nan ne mararrabar tarihin. Kiɗa ya tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma hannun jama'a masu yawa, waɗanda ba su mutuwa rana ɗaya.

Shugabanci iri huɗu

A Leipzig attajirai ne suka fara. A 1743 wasu 'yan kasuwa suka haɗa kuɗi suka ɗauki makaɗa 16. A 1781 ƙungiyar ta koma zauren 'yan tufafi na garin, wanda sunansa, Gewandhaus, ya bi ta har yau. Felix Mendelssohn ya karɓi jagorancinta a 1835, daga baya hukumar birnin ta ɗauke ta a matsayin tata. Wannan shi ne tsarin gari: albashi daga baitulmali, jagora kuma ma'aikaci ne mai wa'adi.

A Balin makaɗan ne suka yi tawaye. A 1882 mutum 54 suka bar ubangidansu Benjamin Bilse saboda ƙarancin lada, suka kafa tasu. Har yau su ke zaɓen jagoransu da ƙuri'ar sirri. Herbert von Karajan ya riƙe su daga 1955 zuwa 1989, sai Claudio Abbado, sai Simon Rattle, sai Kirill Petrenko da suka zaɓa a 2015. Takwarorinsu na Biyana, da suka kafu a 1842, sun wuce nan: tun 1933 ba su da jagora na dindindin, gayyato wanda suke so suke yi. Sai dai mulkin 'yan gida na da nasa ciwon, domin sai a 1997 suka yarda mace ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya.

A Amurka masu hannu da shuni ke riƙe da akala. Attajiri ɗaya, Henry Lee Higginson, ya kafa ta Boston a 1881, ya yi shekaru yana cike giɓinta daga aljihunsa. Yau kwamitin masu ba da gudummawa ke ɗaukar jagora, su sallame shi. In tattalin arziki ya girgiza sai ƙungiya ta girgiza: ta Philadelphia, duk da shahararta, sai da ta je kotu neman kariya daga masu bin ta bashi a 2011.

Na huɗu shi ne gwamnati. Lokacin da ƙungiyar Balin ta shiga matsin kuɗi a farkon shekarun 1930, gwamnatin Hitler ta ɗauke mata nauyi, ta mai da ita kayan farfaganda, makaɗanta Yahudawa suka bar ta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Shi kansa jagoran da ke tsaye da 'yar sanda, ba ya kaɗa komai, sabon abu ne. A da, shugaba na cikin makaɗa yana nasa kiɗan, kamar yadda mawaƙinmu ke tsakiyar 'yan amshinsa. Wasu kan buga doguwar sanda a ƙasa don daidaita kiɗa, har Jean-Baptiste Lully, makaɗin Sarkin Faransa, ya soki ƙafarsa da ita, ciwon ya ruɓe ya kashe shi a 1687. Sai a ƙarni na 19, da ƙungiyoyi suka yi girman da ba za su ji juna ba, aka ware mutum guda don wannan aiki. Abin lura shi ne, an raba muƙamin da mutumin: jagora na tafiya, kujerarsa na nan.

Tamu ƙungiyar birnin

Ƙasar Hausa ta san ƙungiyar kiɗa mai tsari tun kafin a haifi Haydn. Tarihin Kano ya ambaci Dagaci, wani basarake daga Barno, da ya zo zamanin Sarki Dauda a farkon ƙarni na 15 da ganguna da kayan busa. Ya kuma lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara. A Katsina, Gwauron Tambari na cikin kayan sarauta na gado, tare da takobin nan Gajere da ake dangantawa da Muhammadu Korau.

Kayan fada kowanne da matsayinsa. Tambari shi ne uba, ba a buga wa kowa sai mai sarauta, kuma bugunsa na cikin abin da ke tabbatar da naɗi. Kakaki, dogon ƙarfen nan da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa, sauti kaɗan gare shi, amma jin sa kaɗai ya isa a san sarki ya fito. Farai da ƙaho na raka shi. Algaita ita ke da bakin magana, mai busa ta na cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba, ganguna na ba ta amsa. Sannan ga taushi da kotso da jauje da banga, waɗanda mawaƙan fada ke ɗora waƙa a kansu.

Kowane sashe da shugabansa mai rawani: Sarkin Tambura, Sarkin Kakaki, Sarkin Busa, Sarkin Makaɗa, Magajin Banga, Sarkin Taushi, da Sanƙira mai kirari. Suna da ranakun aiki sanannu. Akwai sara a ƙofar fada daren Juma'a, akwai jajibirin Salla da hawanta, akwai naɗin sarauta da tarbar baƙo. Suna da abin da suka haddace, wato taken kowane sarki da kowane hakimi, wanda mai kunne ke ji ya san wa ke tafe tun bai hango rawaninsa ba. Manazarta sun daɗe da gane darajar wannan: Anthony King ya yi bincike kan gangunan fadar Katsina da kakakinta a shekarun 1960, ya kuma haɗu da David Ames suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. A gida, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa.

Idan ana neman ƙungiya mai sassa, mai shugabanni, mai jadawali, mai kundin kiɗa, wadda ta fi ƙarni biyar, to ga ta nan a ƙofar fada.

Yadda ganga ta rabu biyu

Jihadi ya zo da tuhuma mai nauyi a kan wannan kiɗa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya sa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da yake suka. Malaman jihadi sun yi rangwame ga gangar da ke tara mayaƙa ko sanar da jama'a, ba ta yabon mutum ba.

Wajen 1807 Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan tsohuwar sarauta ya yi arewa. Bayan zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, da sarautunsa da al'adun fadarsa. Shekaru da dama bayan haka, dajin da ke tsakanin garuruwan biyu, inda Jibiya da ƙauyukanta suke, fagen hari ne da ramuwa, musamman zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Sannan Ingila da Faransa suka zo suka ja layinsu, suka yi yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908.

Sakamakon ya ba da mamaki. A kudu, sarakunan da suka gaji jihadi ba su daɗe ba suka koma ga tambari da kakaki, domin talakawa ba su san sarki ba sai da su. Da sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko a 1906, kayan kiɗan suka bi ta. A arewa kuwa, Maraɗi ta riƙe abubuwan da kudu ta rage, har da sarautar Iya mai kula da bori da masu gogensa, abin da ya jawo manazarci Veit Erlmann ya yi aikinsa a can. Gida ya sauya, tuta ta sauya, harshen gwamnati ya sauya, amma muƙamin Sarkin Tambura bai mutu ba a kowane ɓangare. Dalili kuwa shi ne muƙamin na fada ne, ba na mai riƙe da shi ba.

Me ya sa ƙungiyar mawaƙi ba ta daɗewa

A nan ne ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Makaɗan tambari da kakaki ma'aikata ne, ba a damu da sunansu ba. Mawaƙan da duniya ta sani kuwa, ƙungiyarsu a kan mutum ɗaya aka gina ta. Ibrahim Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru da Sarkin Kudu Macciɗo, Mamman Sarkin Taushin Katsina da Sarki Usman Nagogo, Ma'azu Ɗan Alalo da fadar Damagaram: kowanne haɗuwar baiwar mutum ɗaya ce da kyautar ubangida ɗaya.

Ba wai ba su da tsari ba. Akwai jagora, akwai Daudun Kiɗa mai jiran gado, akwai masu babbar murya da masu zaƙin murya, akwai 'yan amshi da makaɗa da sanƙira. Musa Ɗanƙwairo ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa yayansa Kurna, kafin ragama ta zo hannunsa, ya riƙe har rasuwarsa a 1991. Wannan gado ne na gaske, kuma gidan Aliyu Ɗandawo ma ya yi irinsa. Amma gado ta jini caca ce. Murya da basira ba dole su bi ɗa ba, kuma ƙofa a rufe take ga yaron da ke da baiwar amma ba ɗan gidan ba ne. Ga kuma kallon da al'umma ke yi wa roƙo, wanda ke sa ɗan makaɗi da ya yi boko ya guji sana'ar ubansa.

Mamman Shata ya karya wannan ƙa'ida ta wata fuskar. Ba gado ya yi ba, bai kuma ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Da kalangu ya waƙe sarki da direba da ɗan kasuwa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya nuna jama'ar gari na iya ɗaukar nauyin mawaƙi. Sai dai jama'ar Shata suke biya, ba ƙungiyarsa ba. Da ya rasu a 1999, babu asusu, babu zaure, babu makarantar da za ta riƙe makaɗansa. Haka Barmani Coge da 'yan ƙwaryarta a Funtuwa.

Sai batun ajiya. Makaɗin Leipzig na yau na iya buɗe takarda ya kaɗa abin da aka tsara shekara 200 da suka wuce. Namu a ka yake. Wannan na da fa'idarsa, domin shi ya sa mawaƙinmu ke iya ƙirƙira nan take, ya ga baƙo ya shigo ya saka shi cikin waƙa, abin da makaɗin takarda ba ya iyawa. Amma tsoho ɗaya in ya rasu bai koyar ba, taken sarakuna goma na iya tafiya da shi. Abin da ya cece mu shi ne faifan gidajen rediyon Kaduna da Yamai da kaset ɗin 'yan kasuwa, su kuwa waƙar suka adana, ba yadda ake yin ta ba.

Da aljihun fada ya ƙanƙance

Makaɗin fada da riga da doki da hatsi da gona ake biyansa. Wannan ya yiwu ne lokacin da haraji da kotu da 'yan doka ke hannun sarki. Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Sarki ya koma mai karɓar kaso, makaɗinsa ya koma neman biki da taron siyasa.

Ƙungiyar kiɗa mai albashi da aka sani a Arewa ita ce badujalar soja da 'yan sanda. Su ke karanta kiɗa a takarda, su ke da girma-girma da fansho. Shugaban makaɗan 'yan sandan Nijeriya, Benedict Odiase, shi ya tsara kiɗan taken ƙasa na 1978, wanda aka yi amfani da shi har 2024. A Legas kuwa masu sha'awa ne suka kafa ƙungiyar MUSON a 1983, da makarantarta da okestirarta, da gudummawar kamfanoni.

Maƙwabta sun gwada hanyar gwamnati. Kwame Nkrumah ya kafa okestirar ƙasar Gana a 1959 ƙarƙashin Philip Gbeho. Sekou Toure ya ba kowane lardin Gini ƙungiyarsa, daga nan Bembeya Jazz ta fito a garin Beyla a 1961. Mali ta tara masu kora da balafon da molo ta ba su albashi a ƙungiyar ƙasa, hukumar jirgin ƙasanta ma ta kafa Rail Band a Bamako a 1970, inda Salif Keita ya yi suna. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta raya samariya da bikin matasa na ƙasa, aka kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987, daga baya aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. A wannan zamani ne garuruwa suka yi ƙungiyoyi masu jita da ƙaho, irin Carnaval ta Maraɗi da Azna ta Tawa, kuma daga Maraɗin ne Sa'adu Bori ya fito, wanda kaset ɗinsa ya ratsa Jibiya ya cika kasuwannin Katsina da Kano. Amma da gwamnatocin suka faɗi ko kuɗi ya yanke, yawancin ƙungiyoyin suka watse.

Misali mafi ban sha'awa daga Kinshasa yake. A 1994 Armand Diangienda, matuƙin jirgin sama da ya rasa aiki, ya tara 'yan cocinsu da ba su taɓa riƙe goge ba. Kayan ba su isa ba, ana karɓa-karɓa, in tsirkiya ta tsinke a ɗaura wayar birkin keke. Ƙungiyar ta rayu domin tana da al'ummar da ta ɗauke ta tata.

Yau a Kano da Katsina, yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta a situdiyo na fitar da sautin da a da sai mutum goma. Mawaƙi ya samu sauƙi, makaɗi ya rasa aiki. Fada ma ta bi zamani: a 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙa. Sarautar mawaƙi na ƙaruwa, masu busa farai na raguwa.

Hujjojin ɓangarori

Masu cewa a bar zancen suna da abin faɗa. Na farko, a yankin da 'yan bindiga suka hana noma, inda masarautar Katsina ta dakatar da hawan Salla a 2019 saboda rashin tsaro, wa zai yi maganar albashin mai algaita? Na biyu, akwai malaman da ke ganin kiɗa haramun ne, kuma ba za su yarda a kashe dukiyar jama'a a kansa ba. Na uku, akwai masu tsoron cewa in aka zaunar da makaɗa a kan kujeru, aka ba su takarda, an kashe ruhin abin. Take ba don a zauna a saurara aka yi shi ba, don a kira sunan wani ne a gaban jama'a.

Duka ukun na da nauyi, amma ba su rufe ƙofa ba. Hawan da aka dakatar shi ne ranar samun makaɗin fada, ke nan rashin tsaro dalili ne na tallafa masa, ba na mantawa da shi ba. Saɓanin malamai ya girmi kowa a nan, kuma ko a zamanin da ya fi zafi an bar wa tambari gurbinsa. Tsoron kashe ruhi kuwa gaskiya ne in aka ce za a kwaikwayi Biyana. Katsina ba ta bukatar goge 60 daga Turai. Abin koyi daga can ba sautin ba ne, tsarin ne: asusun da ba na mutum ɗaya ba, muƙamin da ake cikewa bisa cancanta, da makaranta. Tun shekarun 1970 ƙungiyoyin Amurka da dama ke gwada mai neman aiki a bayan labule, don kunne ya yi hukunci ba ido ba. Wannan ba zai rushe gidajen gado ba in aka bar musu rawaninsu da koyarwa, aka buɗe wa wasu ƙofar koyo.

Abin da zai yiwu

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Doki da kayan ado kowa na ganinsu, amma hawa ba ya yiwuwa ba tare da masu busa da kaɗawa ba, su ne kuma ba a lissafa su in ana rabon kuɗi.

Matakin farko ba ya bukatar gini. A zauna da dattawan makaɗan fadojin biyu, a ɗauki kowane take da sauti da hoto, a rubuta na wane ne da lokacin da ake yin sa, a ajiye a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. Kwatanta abin da ɓangarorin biyu suka riƙe zai nuna wane take ne ya girmi 1807, abin da babu littafin da zai iya faɗa. Mataki na biyu, asusu mai ƙafa uku: masarauta, gwamnati da attajirai, don kada ɗaya ya janye komai ya rushe, kada kuma ɗaya ya mai da makaɗa 'yan amshin jam'iyyarsa. Alhazan Maraɗi da 'yan kasuwar Katsina da Jibiya ba su gaza 'yan tufafin Leipzig ba. Mataki na uku, makaɗan su sami baki wajen zaɓen wanda zai shugabance su, sarki ya naɗa wanda suka amince da shi.

Iyaka za ta kawo cikas. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Duk wani shiri da ya dogara ga yarjejeniyar Abuja da Yamai zai riƙa tsayawa yana tashi. Shi ya sa ya fi kyau a ɗora shi a kan fadoji da jami'o'i da 'yan kasuwa, waɗanda hulɗarsu ba ta yankewa ko shinge na rufe. Aikin ɗaukar sautin kuwa shi ne na gaggawa, domin asusu da zaure na iya jiran kasafin baɗi, amma dattawan da suka haddace taken ba za su jira ba.